Bugu Uku a Kan Daɓe

Jiya wani saurayi ya zo daga kamfani,
takalmi na sheƙi, ceki a aljihu,
yana cigiyar tef ɗin da ke ɗakin ƙasa.
Na ce zauna tukuna, shayin bai huce ba.

Dayton, hunturun saba'in da huɗu.
Masana'antar firiji ta sallami mijina Cleotis,
ya kwashi kuɗin sallama ya sayo na'urar naɗar sauti,
wai ita ce gonarmu.
Kwana tara ban ce masa uffan ba.
Ya lulluɓe bango da kwalayen ƙwai
har maƙwabta suka zaci kiwon kaji za mu fara.

Sai ga Lavell, ɗan Odessa mai wanki da guga,
shekara sha bakwai, wuya kamar na zalɓe,
rigar sanyin yayansa na shafar gwiwa.
Jitarsa daga shagon jingina ta fito,
da sunan wani a ƙwarzane a bayanta.
Ba ya haɗa ido da kowa.
In ka gaishe shi, takalminka yake amsa wa.

Amma bari ya ɗaga babban yatsa ya mari tsirkiya:
kofuna su hau rawa a kan kanta,
cokula su shiga gulma a aljihun tebur,
daɓen kicin ya riƙa numfashi a tafin ƙafata.
Su fank suke ce masa.
Ni rashin barci na sa masa suna.

Wata Talata, ƙarfe ɗayan dare,
jaririyata na kukan haƙori,
na juya tsintsiya na dirka wa daɓe ƙotarta.
Gum. Gum. Gum.
Ƙasa ta yi tsit.
Can sai dariyar yaron ta ɓullo ta tsagar katako,
ta farko da na taɓa ji a bakinsa,
ya tsince bugun nan uku ya yi wa kiɗansa gindi da su.
Na ƙara don haushi. Ya rama.
Minti shida muna cacar baki ba baki,
ni da ƙota, shi da yatsa,
Cleotis na gefe yana tari, ya ƙi kashe na'ura.

Ragowar labarin ba nawa ba ne.
Ya hau bas zuwa yamma, ya sake suna,
na gan shi a talbijin cikin riga mai walƙiya,
yana kallon dubban idanu bai sunkuya ba.
Ranar da muka binne Cleotis ya aiko furanni
da suka ƙi shiga ƙofar coci.
Shi bai zo ba. Ban ƙullace shi ba.
To, kaɗan.

Saurayin kamfani ya saurara, ido rufe,
ya ce, Mama Verlene, wannan zinariya ce a cikin laka.
Muna da injin da zai wanke ta tas,
ya cire gurnanin tukunyar ɗumama gida,
ya share wancan tarin,
da wannan bugun da ba a san ko na mene ne ba.

Na ajiye kofina.
Na ce, ɗana, tarin nan mijina ne.
Babu inda ya rage yana numfashi sai nan.
Bugun kuwa ni ce, ina da shekara ashirin da shida,
gwiwa lafiya lau, fushi na tafasa.
Wanda ke son tuwon ya ci har da ƙanzo.

Ya tafi da cekinsa, zai tambayo manya.

Da dare na lallaba na sauka, mataki sha ɗaya,
na ɗaura zaren, na murɗa.
Da yaron ya iso gurbin da yake jirana,
sandar dogarawata ta riga ni amsawa.